Harafin da Ba a Faɗi Matsayinsa Ba: Matsalar Zato a Manhajojin Aljabara

Rubuta x, ka ninka shi da kansa, sannan ka ɗauki tushen abin da ya fito: √(x²). Kusan duk wanda ya zauna ajin lissafi zai ce amsar x ce, tunda ninkawa da ɗaukar tushe warware juna suke yi. To saka −3 a gurbin x. Ninkinsa 9, tushen 9 kuwa 3 ne, alamar ragi ta ɓace. Sai a gyara a ce amsar ita ce girman x tsiraransa, wato |x|. Wannan gyaran ma yana da iyaka. Akwai haɗaɗɗun lambobi, waɗanda suka ƙunshi i, lambar nan da ninkinta da kanta ke ba da −1. Idan x ya zama −i, ninkinsa −1 ne, tushensa i, alhali |x| yana ba da 1. Ka ga amsa ta farko ta faɗi, ta biyu ma ta faɗi.

Idan aka miƙa wannan ɗan lissafi ga manyan manhajojin aljabara, bakinsu ba ya zuwa ɗaya. Maxima za ta ba da |x|, domin a tsarinta na asali ta ɗauki kowane harafi a matsayin lambar zahiri, irin wadda ke kan layin lambobi. Mathematica da SymPy za su mayar maka da √(x²) yadda ka ba su, ba su taɓa komai ba. Maple, idan ka nemi ta sauƙaƙa, za ta ninka x da wata alama mai suna csgn wadda ke zama 1 ko −1 gwargwadon ɓangaren da x ya faɗa. Babu wadda ta kasa lissafi a cikinsu. Inda suka rabu shi ne abin da kowace ta ƙaddara game da harafin da ba a gaya mata komai a kansa ba.

A ganina babu wata shawara a ginin irin waɗannan manhajoji da ta kai wannan nauyi, kuma mafi yawan masu amfani da su ba su san an yanke ta a madadinsu ba.

Manhajar aljabara ta bambanta da kalkuleta ta fuska ɗaya babba. Kalkuleta lamba take karɓa, lamba take bayarwa, kuma lamba ba ta ɓoye halinta: 7 ta fi sifili, cikakkiya ce, ba ta rabuwa biyu daidai. Manhajar aljabara kuwa haruffa take juyawa, ta buɗe baka, ta tattara, ta warware ma'auni, ta yi aikin kalkulas, duk ba tare da an ba ta lamba ko ɗaya ba. An fara gina Macsyma a jami'ar MIT ta Amurka a 1968, kuma daga cikinta Maxima ta fito. Maple ta samo asali a jami'ar Waterloo ta Kanada a 1980, Mathematica ta fito kasuwa a 1988, SymPy kuma Ondřej Čertík ya fara ta a tsakiyar shekarun 2000 da Python, wani harshen rubuta manhaja. Kowace daga cikinsu ta yi karo da tambaya ɗaya tun ranar farko: wannan x ɗin, wane ne shi?

Tushen rikicin shi ne harafi ɗaya yana da ma'ana biyu a lissafi, kuma duka biyun halal ne. A wurin masanin aljabara tsantsa, x abu ne mai zaman kansa, ba ya wakiltar wata lamba, ƙa'idojin tarawa da ninkawa kawai yake bi. A wannan fahimta x/x daidai yake da 1 babu wani sharaɗi, domin x ɗin ba sifili ba ne, harafi ne. A wurin injiniya ko masanin kimiyya kuwa, x gurbi ne da ake jiran lamba ta cike. Yau nauyi ne, gobe zafi, jibi tazara, kuma ba abin da zai hana lambar ta zama sifili, inda x/x ba shi da ma'ana. Yawancin dabarun da ke cikin cikin waɗannan manhajoji an gina su ne a kan ma'ana ta farko, saboda a nan ne ka'idojin suka fi tsabta, aikin kuma ya fi sauri. Yawancin masu amfani da su kuwa da ma'ana ta biyu suke zuwa. Manhaja ta yi aiki da fahimta ɗaya, mutum ya karanta amsar da wata fahimtar dabam, kuma ba wanda ya sanar da ɗan'uwansa.

Masana fannin sun daɗe da gane illar. Ka sauƙaƙa lissafi sannan ka saka lamba, ko ka saka lambar tukuna sannan ka sauƙaƙa: kamata ya yi hanyoyin biyu su kai ka wuri ɗaya, amma ba kullum suke yin haka ba. Misalin da aka fi bugawa shi ne intigiral na xⁿ, wato lissafin kalkulas da ake nemo faɗin filin da ke ƙarƙashin lanƙwasasshen layi da shi. Ƙa'idar da kowane ɗalibin kalkulas ya haddace ita ce xⁿ⁺¹/(n+1). Tana aiki ga kowace n sai guda ɗaya tak, −1, inda amsar ke zama logaridim na x, ƙa'idar kuma ta koma raba abu da sifili. Mathematica da Maple suna ba da ƙa'idar galibi su wuce. SymPy tana ba da amsa mai reshe biyu, ɗaya idan n ba −1 ba ce, ɗaya idan ita ce. Maxima kuwa tsayawa take yi ta tambaye ka ko n daidai take da −1, ba za ta ci gaba ba sai ka amsa.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne, tunda duk mai ido zai ga n+1 a ƙasa ya san akwai rami a wurin. Gaskiya ne a wannan misalin. Amma ga wani da ramin ke rufe kansa. Ɗauki intigiral na sin(mx) a ninka da sin(nx), daga 0 zuwa π, lissafin da ke ƙarƙashin duk nazarin igiyoyin sauti da na lantarki ta hanyar Fourier. Amsar galibi tana da gaɓa biyu: sin((m−n)π) bisa 2(m−n), a cire sin((m+n)π) bisa 2(m+n). Har yanzu gargaɗin yana bayyane, ga m−n nan a ƙasa. Yanzu sai mai amfani ya taimaka wa manhajar, ya gaya mata cewa m da n cikakkun lambobi ne. Manhajar ta san sin na kowane cikakken ninkin π sifili ne, sai ta share saman gaɓoɓin biyu, ta ba da amsa 0. Amsa ce mai tsabta, ba ta da ƙasa balle a ga rami. Ga kowace m da n mabambanta masu fin sifili daidai take. Idan m da n suka zo ɗaya kuwa, amsar gaskiya π/2 ce, kuma wannan shi ne ainihin wurin da mai nazarin yake nema. Duk manhajar da ta bi hanyar galibi a matakin farko za ta iya faɗawa nan, kuma abin da ya tura ta shi ne ƙarin bayanin gaskiya da aka ba ta. Zaton da aka yi a ɓoye a mataki na ɗaya, cewa m ba daidai take da n ba, ya bi ruwa a mataki na biyu, bai bar ko sawu ba.

Wannan ne ya sa nake ganin kuskuren manhajar aljabara ya fi na kalkuleta haɗari. Ƙa'idar da ta fito daga cikinta ana kwafe ta a zuba cikin wata manhajar, a yi ta saka mata lambobi shekara da shekaru, wanda ya gaji aikin kuma bai taɓa ganin matakin da aka yi zaton ba.

To me zai hana kowa ya bi hanyar Maxima, a tambayi mai shi? Tambaya tana da mutunci, domin ba ta yanke hukunci a bayan idon kowa. Matsalarta ita ce ba kullum ake da wanda za a tambaya ba. Manhaja tana iya gudana cikin dare a kan wata kwamfuta mai nisa, a tsakiyar aiki mai matakai dubu, sai ta tsaya cak tana jiran amsar da ba mai bayarwa. Ko da mutum yana zaune a gabanta, tambayar na iya zuwa a kan wata doguwar gaɓa da ta taso a tsakiyar lissafi, wadda shi kansa bai san ko ta fi sifili ko ba ta fi ba. Sau da yawa ma abin da ya zo nema ke nan.

Rarraba amsa reshe-reshe ya fi kowace hanya gaskiya, kuma shi ya fi tsada. Ma'auni mafi sauƙi a duniya, ax = b, rassa uku gare shi: idan a ba sifili ba ce, x = b/a; idan a sifili ce b ma sifili, kowace lamba amsa ce; idan a sifili ce b ba sifili ba, babu amsa sam. Mathematica ta ware umarni biyu saboda wannan, Solve mai ba da amsar galibi da Reduce mai zayyano dukan rassan. Amma rassa suna hayayyafa. Idan kowane harafi ya raba hanya biyu kawai, haruffa 10 suna iya haifar da rassa 1024, haruffa 20 su haura miliyan. A warware jerin ma'aunai masu haruffa a gurbin lambobinsu, kowane mataki sai an raba da wata gaɓa, kowace rabawa kuma sabuwar tambaya ce ko gaɓar sifili ce. An yi aiki mai zurfi a kan yadda za a rage wannan yawa, kamar na Volker Weispfenning a 1992 kan tsarin da ke rarraba ma'aunai gwargwadon ƙimar haruffansu, amma amsar da ta cika shafi goma ba ta da amfani ga wanda layi ɗaya yake nema.

Saboda haka kowace manhaja ta ƙare da gina wani sashe na musamman wanda aikinsa amsa tambayoyi ne game da haruffa: wannan gaɓar ta fi sifili? Cikakkiyar lamba ce? Tana iya zama sifili? Sauran sassan manhajar suna zuwa wurinsa kafin su ɗauki mataki. A nan ne ainihin maganar take, domin wannan sashe ba zai iya rayuwa da amsa biyu ba. Dole ya sami ta uku.

A SymPy, idan ka ƙirƙiri x ba tare da wani bayani ba ka tambaya ko ya fi sifili, amsar ba True (e) ba ce, ba False (a'a) ba ce, None ce. A Maple umarnin is yana mayar da FAIL, a Maxima kuma unknown. Duk ma'anarsu ɗaya: ban sani ba. Mantiƙi mai ƙima uku ya girmi kwamfuta, Jan Łukasiewicz ya gabatar da nasa a 1920, Stephen Kleene kuma ya tsara wanda ya fi dacewa da wannan aiki a 1938. Ƙa'idojinsa suna bin hankali. Idan ana buƙatar abu biyu su tabbata tare, ɗaya ya riga ya ƙaryata, to magana ta ƙare ko da ba a san ɗayan ba. Idan ɗaya daga cikin biyu ake buƙata, ɗaya kuma ya tabbata, shi ke nan. Amma kishiyar abin da ba a sani ba, ita ma ba a san ta ba. Wannan ta ƙarshe ita ce wadda masu rubuta manhaja suka fi tuntuɓe a kanta.

Dalilin yana cikin harshen da ake rubutun da shi. A Python, idan aka saka None a wurin da ake jiran e ko a'a, harshen yana ɗaukarsa a matsayin a'a. Mai rubutu ya ce: idan x ya fi sifili a yi kaza, in ba haka ba a yi kaza. Reshe na biyu zai kwashi harafin da aka tabbatar bai fi sifili ba, ya haɗa da harafin da ba a san komai a kansa ba, ya yi musu hukunci ɗaya. Idan kuma ya rubuta not, kalmar korewa, a gaban tambayar, None ya juye ya zama True, rashin sani ya rikiɗe ya zama tabbaci a layi ɗaya. Manhajar ba za ta yi ƙara ba, gwaje-gwajen da aka yi da lambobi za su wuce lafiya, domin lamba ba ta taɓa ba da None. Sai ranar da wani ya kawo harafi tsirara. Shi ya sa SymPy ta tanadi nata kayan aiki irin su fuzzy_not da fuzzy_and, masu riƙe rashin sani a matsayinsa har ƙarshen lissafi, kuma take jan kunnen masu ba ta gudummawa su tambayi True ko False ƙarara. 

Akwai wani tarko kusa da wannan. Ko da an tabbatar lamba ba ta fi sifili ba, hakan bai nuna tana ƙasa da sifili ko daidai da shi ba. Lambar i ba ta fi sifili ba, ba ta gaza shi ba, ba kuma shi ba ce, domin ba ta kan layin da ake wannan awo. Don haka a SymPy kalmar da ke nufin "ba ta ƙasa da sifili" an ɗaure ta da sharaɗin cewa lambar ta zahiri ce, kuma ma'anarta ta bambanta da kore kalmar "ƙasa da sifili" kawai. Irin wannan bambanci yana kama da tsananta wa kai, har sai ya hana wata ƙa'idar ƙarya fita.

Abin da na ɗauka a matsayin ginshiƙin tsari mai kyau shi ne a gane cewa amsoshin uku ba nauyinsu ɗaya ba. E da a'a alkawari ne, dole su tabbata ga kowace lambar da harafin zai iya ɗauka, kuma kuskure ɗaya a cikinsu yana gurɓata duk abin da aka ɗora a kai. "Ban sani ba" kuwa ba ta taɓa zama ƙarya, iyakarta ta rage amfani. Manhajar da ta ce ba ta sani ba alhali da ta yi ƙoƙari da ta gano, ta bar lissafi bai sauƙaƙa ba, mai shi ya ga haka da idonsa ya nemi mafita. Wadda ta ce e a inda ba ta da hujja ta ba shi amsa mai kyan gani da zai tafi da ita. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma a wannan fage maganar ta zauna daram: zaton da ya dace sau 999 cikin 1000 shi ne wanda ba wanda zai bincika. Daga nan wata ƙa'ida ta biyu take fitowa ga masu gini. Kada wani sashe ya dogara da cewa amsa za ta ci gaba da zama None, domin gobe wani zai inganta sashen tambayoyin, abin da ba a sani ba jiya ya zama sananne.

Wani abin da har yanzu ban ga an ba shi haƙƙinsa ba shi ne cewa "ban sani ba" ɗin nan kanta iri-iri ce. Akwai wadda ke nufin amsar ta danganta da lambar da aka saka, kamar tambayar ko x ya fi sifili. Akwai wadda ke nufin amsar tabbatacciya ce amma manhajar ba ta iya cirota ba, kamar x² − 2x + 2 ga lambar zahiri, wanda kullum ya fi sifili tunda (x−1)² + 1 ne, amma sashen tambayoyi mai sauƙi zai iya kasa gani. A hali na farko maganin shi ne mai amfani ya ƙara bayani. A na biyu ƙarin bayani ba zai yi komai ba, sai dai ya sake fasalin lissafin. Alama ɗaya ce ke ɗauke da duka biyun, mutum kuma ba shi da hanyar sanin wanne ya same shi.

Kada a ɗauka ƙarin ƙwazo zai kawar da amsa ta uku wata rana. Lissafi da kansa ya rufe wannan ƙofa. A 1968 Daniel Richardson ya tabbatar cewa idan gaɓoɓi suka ƙunshi π, da logaridim na 2, da sin, da exp, da alamar girma ta |x|, babu wata dabara da za ta iya yanke hukunci a kowane hali ko gaɓa daidai take da sifili. A 1970 Yuri Matiyasevich ya kammala hujjar cewa babu dabarar da za ta faɗi ko kowane ma'aunin polinomiyal, wanda aka gina da tarawa da ninkawa kawai, yana da amsa a cikakkun lambobi, wato matsala ta goma cikin jerin David Hilbert. Inda aka yi sa'a shi ne polinomiyal a kan lambobin zahiri: Alfred Tarski ya nuna ana iya yanke hukunci a nan, George Collins kuma ya kawo dabarar da za a iya aiwatarwa a 1975. Sai dai lokacin da take ci yana tashi ninki a kan ninki da ƙaruwar haruffa, James Davenport da Joos Heintz kuma sun nuna a 1988 cewa wannan tsada tana cikin matsalar kanta. Ga kuma matsi na yau da kullum: tambayar ko abu sifili ne ana yin ta ne a kusan kowace tarawa da ninkawa, sau dubbai a lissafi ɗaya. Sashen da zai tsaya dogon nazari a kan kowace zai sa manhajar ta kasa motsi.

Sai tambayar inda za a ajiye bayanin idan mai amfani ya bayar. SymPy a tsarinta na farko tana liƙa shi a jikin harafin tun ranar ƙirƙirarsa, kuma ba ya canzawa. Wannan yana da sauri, yana kuma ba da damar ajiye amsoshin da aka riga aka samu ba tare da tsoron su lalace ba. Farashinsa shi ne x mai fin sifili da x tsirara haruffa biyu ne dabam, ko da yake a allo kamarsu ɗaya. Mutum zai ga x − x ya ƙi zama sifili ya rasa dalili. Kuma bayanin da ya shafi haruffa biyu, kamar x ya fi y, ba shi da jikin da za a liƙa shi. Maxima tana ajiye bayanan a rumbu ɗaya na gaba ɗaya ta umarnin assume, wanda ke karɓar irin wannan dangantaka, amma sai ma'anar lissafi ta koma dogara da abin da aka faɗa can baya, wataƙila a layin da mai shi ya manta. Maple tana saka wata 'yar alama ~ a bayan harafin da aka yi wa bayani don a gane shi, daga baya kuma ta ƙara assuming, mai aiki a kan umarni ɗaya kawai ya saki. Mathematica tana da na gaba ɗaya da na wucin gadi. SymPy ta gina tsari na biyu mai amfani da ask da Q, wanda ke raba bayani da harafi yana kuma cire hukunci da injin mantiƙi. An yi niyyar ya gaji na farkon, amma fiye da shekara goma tsarin biyu suna zaune tare, domin na farkon ya shiga kowane lungu na manhajar kuma ya fi sauri. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai shirin gina sabuwar manhaja cewa shawarar nan ba a ɗaga ta zuwa gaba.

Ni dai na fi karkata ga bayani mai iyaka, wanda ake gani a wurin da yake aiki, ko da ya fi wahalar rubutu.

Ko manhajar da ta fi kowa taka-tsantsan tana da zaton da ba ta furtawa. SymPy da ta ƙi taɓa √(x²) ita ce kuma ke mayar da x/x zuwa 1 nan take, da x − x zuwa 0, da 0 sau x zuwa 0, alhali idan x ya zama mara iyaka biyun ƙarshe ba su da ma'ana, ita kanta kuma ta san haka idan aka ba ta alamar rashin iyaka kai tsaye. Tana kuma ƙaddara cewa x sau y daidai yake da y sau x sai an ce mata a'a, abin da ba ya tabbata ga matiris, wato lambobin da aka jera layi-layi cikin jadawali. An yi waɗannan ne da sani, domin manhajar da ba ta iya share x − x ba za ta iya aikin komai ba, gaɓoɓi za su yi ta kumbura har su cika ƙwaƙwalwar kwamfuta. A ɗaya gefen akwai manhajojin tabbatar da hujja irin su Lean, inda ba za ka share x/x ba sai ka kawo hujjar cewa x ba sifili ba ne. Ba sa barin ko zato ɗaya ya wuce, kuma shi ya sa abin da manhajar aljabara ke yi cikin daƙiƙa yake iya cin dogon zama a wurinsu. Kowace manhaja tana wani wuri a tsakanin waɗannan biyun, kuma ban ga laifin wadda ta zaɓi sassauci ba muddin ta faɗi inda ta tsaya.

Abin da nake ganin ya wajaba shi ne a raba abin da manhaja ke yi da kanta da abin da take yi bisa umarni. Sauƙaƙawar da ke faruwa ba tare da an nema ba ta tsaya ga abin da ya tabbata ga kowace ƙima, 'yan keɓantattun da aka bari kuma a rubuta su a fili inda kowa zai gani. Matakin da ke buƙatar zato ya zama sai an kira shi da sunansa. Manhajojin sun riga sun san wannan hanya. Raba log(xy) zuwa log x da log y ba ya tabbata ga kowace lamba: idan x da y duka −1 ne, hagu yana ba da 0, dama yana ba da 2πi. Don haka SymPy ba ta yin sa sai an ba ta bayani ko an ce force, Mathematica ta ware masa PowerExpand, Maple kuma tana da zaɓin symbolic. Wanda ya kira waɗannan ya ɗauki nauyin da kansa, kuma duk mai karanta aikinsa daga baya zai ga wurin da aka ɗauka.

Mataki na gaba shi ne sharaɗi ya yi tafiya tare da amsa. Robert Corless da David Jeffrey sun yi kira ga irin wannan tun farkon shekarun 1990, Mathematica kuma tana da ConditionalExpression, amsa mai ɗauke da sharaɗinta a jikinta. Da amsar galibi ta intigiral ɗin Fourier ta fito da "muddin m ba daidai take da n ba" a manne da ita, da sifilin da ya biyo baya ya gaji wannan sharaɗi, mai nazari kuma ya san akwai halin da ya rage masa ya duba. Wannan ya fi zayyano dukan rassa arha nesa ba kusa ba, tunda reshe ɗaya ake bi, ana dai rubuta mararrabar da aka wuce.

Na san ƙorafin da ke biyo baya, kuma ba na raina shi. Ɗalibi ko injiniyan da duk haruffansa tsayi ne da nauyi da lokaci yana ganin manhajar da ta ƙi mayar da √(x²) zuwa x a matsayin mai taurin kai, kuma tambayar me ya sa lissafina ya ƙi sauƙaƙa tana cikin waɗanda sababbin masu amfani suka fi yi. Yana da gaskiya cewa a duniyarsa x ya fi sifili. Manhajar ce ba ta da hanyar sanin daga wace duniya ya zo, kuma mai nazarin lantarki da ke zaune kusa da shi haɗaɗɗun lambobi ne abincin aikinsa. Abin da ya kamata masu gini su yi wa wannan mutum shi ne su sauƙaƙa masa faɗin abin da ya sani, layi ɗaya a farkon aiki da zai ce duk haruffan nan na zahiri ne masu fin sifili. Sannan idan manhajar ta ƙi ɗaukar wani mataki, ta faɗi abin da ya tsayar da ita: na bar wannan tushen ne domin ban san ko x yana ƙasa da sifili ba. Sashen tambayoyin ya riga ya san wace tambaya ce ta dawo da None, kuma a yawancin manhajojin yau wannan bayani yana mutuwa ne a ciki, bai kai ga allon mai amfani ba.